Filin Shawara: Ɗana ba ya cin ƙwallo, sai shan bugu

Gwaggo, Ina rubuto miki daga Winnipeg ta ƙasar Kanada, inda aikin maigidana ya kawo mu shekara tara da suka wuce. Ɗana na fari, mai shekara 15, ya ɗora wa ransa wasan hokin ƙanƙara tun yana ɗan aji biyu. Ba irin wahalar da ban sha ba: sammako cikin sanyin da ke fasa leɓe, kankare gilashin mota, sayen sabon takalmi duk shekara saboda ƙafa tana girma. To bana sun buga wasa kusan ashirin, ƙwallo biyu kacal ya ci. Kocinsu ba ya tunawa da shi sai an kori ɗan ƙungiyarsu waje sun koma su huɗu, nan ne za ki ji an ƙwala masa kira. Ya dawo gida da tabo a ƙwauri da cinya. Babansa ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, a cire shi ya fuskanci karatu. Ni kuma zuciyata tana raya mini ko don shi kaɗai ne baƙar fata a ƙungiyar. Yaron bai taɓa kawo ƙara ba. In je in sami kocin ne, ko in bi maganar babansa?

Uwar yara, Winnipeg

'Yata, Sannu da sanyi, sannu da ɗawainiya. Kafin ki je ko'ina, zauna in ba ki labari.

A ƙarshen 2019 na je wa 'yata zaman jego a Saskatoon, maƙwabciyarku ta yamma. Ban san komai ba game da wannan wasa, in ban da cewa ɗan'uwan ƙwallon gora ne da aka ɗora a kan ƙanƙara. Sai na tarar daga 26 ga Disamba zuwa 5 ga Janairu mutanen ƙasar ba su da zance sai gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20. Surukina, mutum mai kunya da ko gaisuwa sai ya durƙusa, na ga ya miƙe tsaye a gaban talabijin yana ihu har jaririya ta farka. Ranar Lahadi 5 ga Janairun 2020 aka yi wasan ƙarshe a birnin Ostrava na Jamhuriyar Cek, Kanada da Rasha. A wurinmu tsakar rana ce, ina zaune da kofin kunun kanwa da na dama wa maijego na rage wa kaina. Rasha tana gaba da ci 3 da 1 a zango na uku. Kanada ta rama ɗaya, kyaftin ɗinsu Barrett Hayton, wanda ya shiga wasan da ciwon kafaɗa, ya farke na biyun. Saura minti huɗu ba kaɗan a tashi, sai wani yaro baƙar fata mai suna Akil Thomas ya bi faifan da ake bugawa a maimakon ƙwallo bayan ya kuɓuce, ya riga mai tsaron gidan Rasha isa gare shi, ya jefa a raga. Aka tashi 4 da 3. Na tambayi surukina ko wannan ne gwarzonsu. Ya yi dariya ya ce a'a Mama, ɗan sahu na huɗu ne, yawancin wasan a benci ya yi shi, kuma wannan ce ƙwallonsa ta farko a duk gasar.

Amma ba don wannan na kawo miki labarin ba. Abin da ya biyo baya shi ne ya shafi ɗanki. Daf da tashi aka kori ɗan Kanada ɗaya zuwa kejin hukunci na minti biyu. Rasha ta fitar da mai tsaron gidanta ta ƙaro ɗan wasa, suka zama shida a kan huɗu. A wannan lokaci da zinare yake rataye da zare, su wa kocin Kanada ya tura? Cikinsu har da wani gajeren yaro, Aidan Dudas, wanda aikinsa a gasar shi ne irin na ɗanki. Shi ne ya ɗaga faifan don ya kore shi daga gidansu, faifan ya tashi sama ya doki kyamarar talabijin da aka ɗaura a gefe. Da alƙalan wasa sun ce kai tsaye ya fice daga fili, da an ƙara wa Kanada wani hukuncin. Ba su ce ba, Rashawa suka yi ta ƙorafi, mutanen Kanada kuma suka mai da kyamarar abin barkwanci har yau. Ni dai abin da na riƙe shi ne: koci ba ya tura yaron da bai yarda da shi ba a lokacin da gida ke ci da wuta.

Ki duba yadda wasan yake. Mutum biyar ne da mai tsaron gida a kowane ɓangare, zango uku, kowanne minti 20. Gudun da ake yi a kan ƙanƙara ba ya barin mutum ya daɗe, don haka ɗan wasa yakan yi ƙasa da minti ɗaya ya fito wani ya shiga. Shi ya sa ake jera 'yan gaba sahu-sahu, uku-uku, har sahu huɗu. Na farko da na biyu su ne maciya ƙwallo, su ake ɗauka hoto. Na uku da na huɗu su ne masu gajiyar da gwanayen abokan hamayya, su ƙwaci faifai a lungu, su tare hanya. In aka rage wa ƙungiya mutum, su huɗu za su tsare gida daga biyar na tsawon minti biyu, kuma a nan ake zubewa a gaban faifan da aka bugo da ƙarfi. Faifan nan roba ce daskararriya mai nauyin kusan giram 170, har a firiza ake ajiye shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Kin ga asalin tabon da ke ƙwaurin ɗanki. Wannan aiki yana son yaro mai natsuwa, mai karanta inda faifai zai bi kafin ya bi, wanda ba ya rikicewa. Yaro mai rawar kai ba a ba shi.

Kin sha zuwa biki. Amarya da ƙawayenta suna gaba ana ta walƙiyar kyamara, a bayan gida kuwa akwai wata baiwar Allah da ta ɗaura ɗankwali a ƙugu tana tuƙa tuwon mutum ɗari biyu tun hantsi. Ba ta cikin hoto ko ɗaya. Amma uwar biki ta san wa za ta fara kira in ta sake aurar da 'ya.

To yanzu zancen launin fata. Ba zan ce miki zargin banza kike yi ba, domin wasan nan yana da wannan tabo. Akim Aliu, wanda aka haifa a Okene ta jihar Kogi, babansa ɗan Nijeriya, mamarsa 'yar Yukren, yana ɗan shekara 16 a ƙungiyar matasa ta Windsor a 2005 ya ƙi yarda da wani wulaƙanci da manya ke yi wa sababbin shiga a cikin motar tafiya. Sakamakonsa, wani abokin wasansa ya doke shi da sanda a baki wurin atisaye har haƙora suka zube. A 2019 ya fito ya faɗi kalaman wariya da wani kocinsa ya taɓa jifansa da su, kocin nan, Bill Peters, ya bar aikinsa a ƙungiyar Calgary Flames cikin 'yan kwanaki. Saboda haka ki buɗe ido. Sai dai wariya tana da kamanninta. Yaron da ake ware wa, benci ake barinsa ya dumama a lokacin da wasa ya yi tsanani. Ɗanki kuwa a lokacin ake nemansa. In akwai matsala, na fi tsammanin a ɗakin sa kaya za ki same ta, inda iyaye ba sa shiga. Ki lura: yana ɗokin zuwa atisaye ko yana jan ƙafa? Yaran suna kiransa fita? Yana fitowa tare da su yana dariya, ko shi kaɗai yake fitowa da jaka a kafaɗa, kai a sunkuye? Ki tambaye shi a mota, kina tuƙi, idonki a kan titi. Yaran wannan shekaru sun fi buɗe baki in ba a kallon fuskarsu.

In za ki ga kocin, kada ki je ranar wasa. Ƙungiyoyin yara da yawa a can suna da ƙa'idar cewa iyaye su bari awa 24 ta wuce kafin su kawo ƙorafi, kuma ƙa'ida ce mai kyau, ko a gidan aure ma da za a ɗauke ta. Ki je ku biyu da yaron, shi ya yi tambayar da bakinsa: me zan gyara in samu ƙarin lokaci? Kocin kirki zai lissafa masa abu biyu ko uku. Wanda ya kama kame-kame, kin samu amsarki, sai ku nemi wata ƙungiyar baɗi.

Babansa kuma kada ki yi gardama da shi. Ki roƙe shi ya raka ku wasa ɗaya, ki ce ya bar kallon allo, ya ƙirga sau nawa aka rage musu mutum, sau nawa aka ci su ɗansa yana ciki. In mai son ƙwallon ƙafa ne, tuna masa da Makelele, wanda Real Madrid ta sayar wa Chelsea a 2003 tana ganin ba ya cin ƙwallo, ta cika gida da taurari, ba ta sake ɗaukar kofin Laliga ba sai 2007. Maganar karatu kuwa yana da gaskiya, a sa sharaɗi: in sakamako ya faɗi, takalmi ya huta.

Abu biyu da ba na son ki yi wasa da su. Kada ya taka ƙanƙara ba abin kare wuya, ko da atisaye ne. A Oktoban 2023 kaifin takalmi ya yanki wani ɗan wasa, Adam Johnson, a wuya a birnin Sheffield na Ingila, ya rasu, kuma bayan nan hukumar wasan ta duniya ta wajabta abin kare wuyan a duk gasanninta. Sannan in ya bugu a kai ya ce miki yana jin jiri ko haske na damunsa, likita ne zai ce ya koma, ba koci ba, ba shi ba.

Na kuma lura a duk wasiƙarki ba ki yabe shi ko sau ɗaya ba. Na sani, ɗan fari ne, akwai alkunya, ni ma haka aka tarbiyyantar da ni. Amma shi a Winnipeg ya tashi, yana ganin iyayen abokansa suna rungume su a bakin fili. Ba sai kin kira sunansa ba. In ya shigo mota ki ce, na ga yadda ka tare waccan. Ya isa.

*

Gwaggo, ina gaisuwa. Shekarata 17, iyayena 'yan Zariya ne, a Calgary aka haife ni. Ƙanwar babana ce ta rubuta mini wannan don Hausata ta baki ce kawai. A tsohuwar ƙungiyata ni ne na fi kowa cin ƙwallo. Bana na samu shiga ƙungiyar da ta fi ta, koci ya ce in ina son gurbi sai dai in riƙe sahu na huɗu, in koyi tsaron gida. Ina ganin raini ne. Abokaina sun ce in koma inda ake darajata. Me kika gani?

Ɗanki, Calgary

Ɗana, ka gaishe mini da gwaggon taka, Hausarta ta yi kyau.

A gasar matasa ta duniya, kusan duk wanda ka gani a sahu na huɗu na Kanada ko Amurka ko Suwidin, sarki ne a garinsu. Ƙasa tana tattaro zakaru ashirin da 'yan kai, kowa ya saba shi ke cara, a ce musu akurki ɗaya ne. Dole wani ya sauke kai. Ka ɗauki Tyler Steenbergen na Kanada. A kakar 2016 zuwa 2017 ya ci ƙwallo 51 a ƙungiyar Swift Current. Da aka kai shi gasar 2018 a Buffalo sai ya zama ɗan gaba na 13. Ka san abin da wannan ke nufi: sahu huɗu mutum 12 ne, shi ragowa ne, ko sahu ba shi da shi. Ya zauna, ya jira, ana ba shi 'yan mintoci kamar sadaka. Ranar 5 ga Janairu, wasan ƙarshe da Suwidin, ana kunnen doki 1 da 1, saura minti ɗaya da daƙiƙa 40, Conor Timmins ya turo faifai gaban raga, Steenbergen ya karkata shi ciki. Ƙwallonsa ɗaya ke nan a gasar. A 2025 a Otawa an sake irin haka: Teddy Stiga na Amurka bai ci ko ɗaya ba sai a ƙarin lokacin wasan ƙarshe da Finland, ita ce ta ba su kofin.

Ba zan ruɗe ka ba, irin wannan rana ba kowa take zo wa ba, kuma ko ta zo ba ta ɗaukar mutum har ƙarshen tafiya. Steenbergen bai samu gindin zama a babbar gasar NHL ba. A ɗaya gefen, a cikin tawagar Kanada ta 2020 akwai Quinton Byfield, sa'anka a lokacin, ɗan shekara 17, wanda ya gama gasar ba ƙwallo ko ɗaya, taimako ɗaya tal a wasa bakwai. Daga baya a wannan shekarar ƙungiyar Los Angeles Kings ta ɗauke shi na biyu a duk zaɓen matasan shekarar. Zaman benci bai rage shi da komai ba, domin masu zaɓe sun san shekarunsa, sun san da wa yake gogayya.

Tsoronka dai na gane shi, kuma yana da tushe. Tambayi babanka labarin Mikel Obi, ɗan ƙwallon ƙafa, yaron Jos. A gasar matasa ta duniya ta 2005 a Holan, Messi kaɗai aka ɗora a gabansa a jerin gwanayen gasar, yana wasa a gaba yana raba ƙwallo kamar mai rabon goro. Da ya je Chelsea aka mai da shi mai tsare gaban 'yan baya. Ya ɗauki kofin zakarun Turai a 2012, ya yi shekara goma a ƙungiyar da manya da yawa suka zo suka wuce. Duk da haka har gobe akwai masu cewa a majalisa an kashe masa baiwa. Duka biyun gaskiya ne. In ka riƙe aiki da kyau, akwai haɗarin a manta ka iya wani.

Shawarata, ka karɓa, na shekara ɗaya. A 17, atisaye kullum da waɗanda suka fi ka ya fi maka cin ƙwallo 40 a cikin waɗanda ka fi. Amma ka ce wa kocin, cikin ladabi, kana son ku sake zama a tsakiyar kaka a duba inda ka kai. Ka ci gaba da zuwa da wuri kana buga faifai a raga kai kaɗai, kada hannunka ya mutu. In shekara ta ƙare ka ga ko an samu rauni a sahu na biyu ba a waiwayarka, sai mu sake magana. Su abokan naka da ke cewa ka dawo, ka tambayi kanka ko darajarka suke so ko kewarka suke yi. Kewa ba laifi ba ce, sai dai ba a yanke shawarar sana'a da ita.

Kuma tunda a Alberta kake, ai ka san Jarome Iginla, wanda babansa ɗan Nijeriya ne, wanda ya zo kan gaba a maki a gasar hokin matasa ta duniya a 1996 kafin ya zama kyaftin ɗin Calgary. Nemi tsofaffin wasanninsa ka kalli abin da yake yi a lungu lokacin da faifai ba ya hannunsa.

*

Gwaggo, ki raba mini gardama. Mijina da yayana sun daina gaisawa da kyau tun Janairun 2025 a kan wasan yara. Mijina ya ce kocin Kanada ya kwaso 'yan dako ya bar maciya ƙwallo a gida, shi ya sa aka kore su. Yayana ya ce mijina bai san wasa ba. Ni ce a tsakiya, kuma gida ɗaya muke cin abincin Lahadi.

Ƙanwarki, Otawa

Ƙanwata, kada masu wasiƙun sama su ji, amma a wannan karon mijinki ya fi kusa da gaskiya. A gasar da aka yi a garinku, Kanada ta ci ƙwallo 13 kacal a wasa biyar. Latbiya ta doke ta a bugun daga kai sai mai tsaron gida, bayan golansu Linards Feldbergs ya tare faifai 55, sannan Cek ta fitar da ita 4 da 3 a zagayen 'yan takwas, shekara ta biyu a jere. Kuma an bar yara masu zafin ci irin su Michael Misa da Zayne Parekh a gida. Gishiri ne ke gyara miya, amma ba a yin miya da gishiri zalla. Yayanki ma yana da abin faɗa: tawagar ta yi ta jawo wa kanta hukunci, kuma wannan ba laifin wanda ya zaɓe su ba ne shi kaɗai.

Sai dai ni ban yarda hoki ne ya raba su ba. Maza biyu ba sa ɗaure wa juna fuska wata da watanni a kan yaran da ba su san da zamansu ba. Bincika a hankali ko akwai bashi a tsakani, ko wata magana da ɗaya ya faɗa a gaban mutane ɗayan ya haɗiye. Ki fara da yayanki, shi ne naki, shi za ki iya tambaya kai tsaye. Lahadi mai zuwa kuma ki yi musu tuwon shinkafa da miyar taushe a kwano ɗaya, ki ɓoye rimot ɗin talabijin a kicin.